Tawadar Rawaya

Shagon buga takardu nake tsaro a Paterson,
tsakanin mai gasa burodi da mai gyaran waya.
Shekara shida. Na iya Larabcin ciniki,
na iya na zagi, don shi ya fi saurin shiga kunne.

Ranar Talata Kusai ya shigo, ruwan sama a kafaɗarsa,
ya ajiye waya a kan teburi:
hoton saurayi, haƙorin gaba ya guntule,
yana dariya da takardar gama makaranta a hannu.
"Iyad ne. Mita biyu. Gefen ya zama rawaya."
Na rubuta. Ya biya rabi.

Laraba da la'asar sai ga Mu'utaz.
Hoton nan dai, haƙorin nan dai.
"Mita uku. Kore, kore shar."
Na ce, ai jiya wani ya kawo shi.
Ya ce, "Na san ko wane ne.
Sun sayar da ƙasa, sun zo sayen ƙyalle."

Na san yaran nan
tun suna raba sigari ɗaya a bayan shagona,
tun Iyad na aiko musu murya daga can
suna kasa kunne biyu a waya ɗaya.
Kakanninsu rijiya guda suka sha
a ƙauyen da taswira ta daina faɗin sunansa.
Ba wanda ya gaji rijiyar.
Gabar ce ta tsallako teku, ba biza, ba bincike:
maci amana, ɗan kore, karen farautar wasu.
Ƙungiyar ɗalibai ta zama biyu, ta zama uku,
ta ukun ta masu neman sulhu ce,
su ma ba sa ga maciji.

Bisan, mai karatun haɗa magunguna, ta fice daga duka.
Ta ce, "Kuɗin tanti muke tarawa,
taro ya watse kan sunan da za a manna wa akwati."
Ban ce komai ba.
Ina da ƙanne biyu a Funtuwa, hula kala biyu,
tuwo kwano biyu.

Daren Alhamis inji ya yi tari, ya tsaya.
Rawaya ta ƙare, kamfani sai Litinin.
Na kira su, suka zo, kowa ya kama kusurwarsa.
Mu'utaz ya ce, "Ina ruwana? Kore na ce."
Na buɗe cikin injin na nuna masa kwalabe huɗu.
Duba da kyau, babu kore a nan.
Shuɗi ne da rawaya, in sun haɗu.
Ya daɗe yana kallon kwalbar da ba komai.

Gwaggon mamacin ce ta raba gardama,
Widad, da ledar magani da takalmin ɗaki,
Bisan na riƙe mata da lema.
"Buga shi baƙi da fari.
Ƙwallo yake so, da zaƙi,
da wata yarinya da bai kai ga faɗa mana sunanta ba.
Ni na yaye shi, ban san kalarsa ba."

Na buga mita biyu da rabi.

Juma'a a zauren zaman makoki gam ya ƙi kama bango,
dole aka nemi masu riƙewa.
Kusai a dama, Mu'utaz a hagu,
fuskar Iyad a tsakani tana lanƙwasa
duk sanda ɗaya ya ja.
Ba su gaisa ba.
Amma da hannun Kusai ya gaji ya sauko,
na ga Mu'utaz ya sassauta nasa
don kada dariyar ta karkace.

Litinin tawada ta iso.
Na sa hannu na karɓa,
na tura kwalin ƙarƙashin teburi da ƙafa.